Mesa ta Goma Sha Ɗaya a Ɗakin Yaya Illa

Damina tara ke nan ta sauka a kan kabarin yayana Iliyasu, wanda duk Gaya ta sani da Illa Mai-mesa. Kowace shekara in ranar ta zagayo nakan ɗauki bik, wato biro, da niyyar in rubuta wani abu a kansa, in zauna in yi ta kallon takarda, daga baya in mayar da bik ɗin cikin jaka. Ba rashin abin faɗa ba ne, wanda ya san ni ya san bakina ba ya mutuwa. Kunya ce. Ya bar mini mesa goma sha ɗaya a ɗakinsa, ya ce in mai da kowacce inda aka kamo ta. Goma na mayar, ɗaya ta tsaya mini a wuya har daminar nan. Ta yaya zan yabi mutum a jarida alhali saƙonsa na hannuna?

Illa direban kamiyo ne, babbar motar kaya, tun yana saurayi, ya ɗauki albasa daga nan ya sauke a Kwatano, ya juyo da abin da Allah ya hore. A wata tafiya, a garin Kandi da ke kan hanyar, wani mutum ya jefa masa buhu a saman kaya ya ce a Kwatano za a karɓa. Ba wanda ya zo karɓa. Da ya kwance bakin buhun sai ga ƙananan mesoshi, irin waɗanda ba su kai gaba guda ba a tsawo, marasa dafi, masu dunƙulewa su cusa kai a tsakiyar jiki in sun tsorata. Zafin rana ya riga ya kashe rabinsu. Sauran ya taho da su har gida, mahaifiyarmu ta ɗora hannu a ka, matarsa Rabi ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ya yi jinyarsu wata guda, ya mayar da su Kandi ya sake su a daji. Daga nan abin ya zame masa jiki. Manomi ya tono ɗaya a gona, ya kawo masa. Ma'aikatan daji su ƙwace a hannun masu fatauci, su kawo masa, har takarda suka ba shi. Shekara talatin ana haka, Rabi ba ta taɓa sa ƙafa a ɗakin mesoshin ba.

Ɗakin na can ƙarshen gida, a gindin mangwaro. Randuna ne a jere, an binne rabin kowacce don sanyi, a baki faifai da dutse a kai, a ciki ɗan kaskon ruwa. In na taso daga aiki nakan biya in tsaya a bakin ƙofa, ba na shiga. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu, ina ganin hasken nan ɗaya da ke saukowa ta hudar kwano, da Illa a tsugune yana motsi a hankali kamar wanda ya shiga ɗakin jego. Ɓera mai rai yake ba su, don kar su manta farauta. In kaska ta kama ɗaya, ya shafa man kaɗe ya jira ta saki da kanta. In idon mesa ya yi fari-fari ya san saɓa ta kusa, sai ya yayyafa wa bangon randa ruwa safe da yamma. Da bazara uwa kan yi ƙwai ta naɗe a kansu wata biyu, ba ci ba fita, a lokacin Illa kan hana daka kusa da bangon, Rabi ta ja turminta zaure tana mita. Ranar ƙyanƙyasa 'ya'yan kan tsaga ɓawo su leƙo da kai, su yini a haka ba su fito ba, sai ka ce shawara suke ko duniyar ta cancanci shigowa. In sun yi saɓar fari sun ci ɓeran fari, ya ɗauki uwa da 'ya'ya ya kai inda aka samo uwar, ko da tafiyar kwana biyu ce.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda yake sanin inda kowacce ta fito. Ya ce ta kudu, can inda ake noman kwakwar manja, baƙinta na sheƙi, zanenta rawaya ne tas, kuma ba ta nisa da ruwa. Sake ta a nan, saɓa ta maƙale mata a ido ta makance. Ta Kandi ja-ja ce, mai faɗin kai. Tamu ta bakin kogi da dajin giginya koɗaɗɗiya ce, launin busasshiyar ciyawa, mai haƙurin ƙishi, amma in ka kai ta kudu laima ta ruɓar mata da baki. Bai taɓa haɗa namijin wani wuri da macen wani wuri ba, ya ce 'ya'yan ba su da inda za a kai su. Bai raɗa wa ko ɗaya suna ba, wai baƙo da sunansa yake zuwa. Duk da haka ya sha faɗa cewa fata kan ruɗi mutum, ba a yanke hukunci da ita kaɗai.

Ni kuwa malamar lakwal ce, wato makarantar boko, alli ya cika mini kai. Wata rana na ce masa, Yaya, bari in saya maka kaye, littafin rubutu, in jera maka su, lamba ɗaya daga wuri kaza, lamba biyu daga wuri kaza. Ya yi dariya ya ce, "Malama, nawa littafin gara ba ta cin sa." Na ɗauka kansa yake nufi, na ce to Allah ya bar mana kan. Ban ƙara tambaya ba, shi ma bai ƙara bayani ba, don a ganinsa abin a fili yake.

Ciwonsa kwana uku ne. A rana ta biyu ya kama hannuna ya ce, "Baƙina goma sha ɗaya ne, ki mai da kowa gida. Sambo zai karanta miki." Sambo amininsa ne, masunci daga Dandawan bakin kogi, sun sha yawon daji tare. A lokacin yana can ƙasan kogi wajen su, labari bai iske shi da wuri ba.

Kwana huɗu da rasuwa gida na cike da masu gaisuwa, Rabi na takaba a ɗaka, mutane sai leƙen ɗakin mesoshi suke. Zuciyata ta ce, ba za a ce yayana ya tafi ya bar ƙazanta ba. Na cije, na naɗe hannu da zane, na ciro su ɗaya bayan ɗaya yadda na ga yana yi. A gindin kowace randa akwai ƙasa, wata ja, wata baƙa, wata fari-fari, duk ta daskare don daɗewa. Na gani da idona, wallahi na gani, ban yi tunanin komai ba. Na kwashe duka na zuba wuri ɗaya a bayan ɗaki, na goge randunan da soso, na zuba musu farin yashin kogi mai tsabta, na mayar da kowace mesa mazauninta. Randa ɗaya ta tsage, na jefar da ita na sayo sabuwa. Da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a ƙofa ina jin daɗin kaina, har na ce a zuci ina ma yana gani.

Ranar sadakar bakwai Sambo ya iso. Bayan addu'a muka shiga ɗakin. Ya ɗaga faifai, ya sa hannu ya ɗebo yashi, ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsunsa. Ya duba ta biyu, ya duba ta uku. Ya ce, "Wa ya gyara ɗakin nan?" Na ce ni ce, ina jiran sannu da aiki. Sai ya zauna dirshan. Shi ya gaya mini cewa duk inda aka kamo mesa, Illa kan ɗebi ƙasar bakin raminta kwano guda ya shimfiɗa a gindin randarta. Littafin ke nan da gara ba ta ci. Sambo na iya karanta shi da ido, in ya gagara ya ɗanɗana da harshe. Garin neman gira na rasa ido. Na zaga bayan ɗaki da gudu, na tarar da taɓo launi guda kaji na tono a kai. Sambo ya biyo ni ya ce, "Kar ki faɗa wa kowa, Malama. Aikin zai daɗe ne kawai."

Ya daɗe kuwa. Huɗu Sambo ya tuna, don da shi aka je kamo su. Uku na samo da allura, ina tsokalar ƙananan tsagun randa har ɗan burbushin tsohuwar ƙasa ya fito, wanda bai cika bakin cokali ba, Sambo ya karanta mini. Sauran sai da na koma ɗaliba. Da na ajiye alli na sayi kayen nan da ya ƙi, na shiga rubuta wacce ke kwana a kaskon ruwa, wacce ke yin saɓa cikakkiya ba yankewa, wacce ke fara barin abinci in sanyi ya shigo. Na hau kabu-kabu da tsufana, ƙauye-ƙauye, har gonakin rake na Junju, duk inda na ji an tono mesa sai na je na tsuguna na ƙare mata kallo. Aka ce Malama ta taɓu, na ce to, a bar ni da taɓuwata. Na kudu abokan tuƙinsa suka kai mini, da takardar ma'aikatan daji. Sambo ya rasu a shekara ta shida, bai ga tafiyar ta goma ba. Ita na ƙetare da ita a kwalekwale bayan an rufe gadar kan iyaka, tana cikin kwando a cinyata, ruwa na wucewa a hankali, ina jin motsinta ta cikin saƙar kwandon.

Nakan tambayi kaina me Illa zai ce da ya ga Gaya ta yau. Gadar da ya bi ba adadi ta yi tsit, abokansa direbobi wasu sun koma noman shinkafa, kogin ne ya cika da masu fito. Samari na ɗaukar hoton mesa a salula, wayar hannu, su tura wa masu saye da ba su taɓa gani ba, kuma an ce mini can nesa har gauraya su ake, don a fitar da fara ko rawaya, launin da ba dajin da ya taɓa haifa. Ba mai tambayar daga ina. Suri, wanda shi ne gidan mesoshin, ana baje shi a faɗaɗa gona. Ba na jin zai yi faɗa, ba halinsa ba ne, ni ce mai faɗan gidanmu. Ina jin karɓar salular zai yi, ya daɗe yana kallo, ya ce daga wane rami, in bai samu amsa ba ya miƙa wa mai ita abinsa. Abu ɗaya dai zai faranta masa. Ɓera ya dami masu shinkafa, kuma na fara jin manomi na cewa in ya ga mesa a kunyar gona yakan kauce ya bar ta da aikinta.

Ta goma sha ɗaya ita ce ta randar da na jefar, ba tsagun da zan tsokala. Sambo bai san ta ba, ta zo ba ya gari. Tsohuwa ce mai nauyi, da tabon fartanya kusa da wutsiya. Launinta irin na nan ne, kanta na Kandi, son ruwanta na kudu. Kayena ya cika da ita, kowane shafi na ƙaryata na bayansa. Wata shekara dabara ta faɗo mini, na sa aka ɗebo mini ƙasa daga wuri biyar, na jera a faifai a tsakar ɗaki na sake ta, wai in ga wacce za ta zaɓa. Ran Litinin ta kwanta a kan ta Kandi, ran Alhamis ta koma ta bakin kogi. Sai daga baya na lura hasken hudar kwano take bi, inda ya sauka nan take kwanciya. Na yi dariya ni kaɗai har dariyar ta koma kuka.

Da azahar nakan zauna gefen randarta gyangyaɗi ya ɗebe ni, kuma kusan kullum abu ɗaya nake gani. Kamiyon Illa na tafiya a kan kogi ba ƙara, an loda masa randuna har sama, shi yana tuƙi gwiwar hannunsa a taga. In kira shi in ce, Yaya, mai tabon nan ina ne gidanta? Sai ya yi nuni da haɓa, yadda ya saba. Kafin in juya in ga inda ya nuna, na farka.

Farkon daminar nan bangon ɗakin ya tsage. Mamman, babban ɗan Illa, mai 'ya'ya uku a ɗaki guda, ya daɗe yana buƙatar filin, bai taɓa furtawa ba. Ya same ni ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ba matsa miki nake ba, amma bangon nan ba zai kai kaka ba." Gaskiyarsa. Abu biyu suka rage mini: in sake ta a kan zato, wataƙila in kai ta inda za ta makance, ko in kai ta gidana ta mutu a randa, in tarar da yayana a lahira da saƙonsa a hannu. Alkawari kaya ne, na kwana biyu abinci ba ya wuce mini.

A rana ta uku na zauna kusa da Rabi a gindin mangwaro, tana tsinkar zogale. Shekara tara kullum ina gidan nan, in bai wa mesa ruwa, in fito mu ci abinci mu yi hirar duniya, amma maganar ɗakin ba ta taɓa haɗa mu ba. Ran nan dai na amayar. Na gaya mata sharar da na yi, da abin da Sambo ya rufa mini, da inda na maƙale. Ba ta daina tsinka ba.

Ta ce, "Na ji ƙarar tsintsiyarki ran nan, Malama. Na san abin da kike sharewa. Bakina ne ya ƙi buɗuwa." Ta zuba ganye a ƙwarya ta ƙara da cewa, "Mai tabon wutsiya kike nema? Ta garin Bana ce."

Na ce, ke da ba ki taɓa shiga ɗakin ba?

Ta ce, "Ni ke wankin kayansa. Ranar da ya kawo ta gwiwar wandonsa duk farar laka ce, irin ta fadamar masu dafa gishiri, sabulu ya ƙi kumfa. Ni na dafa ruwan da ya wanke mata ciwon. Yana wankewa a nan tsakar gida yana ba ni labarin gonar, ni ina can nesa ina ji."

Bana, da ba ta kai tafiyar awa guda ba. Na ce, "Yaya Rabi, shekara tara?"

Sai a nan hannunta ya tsaya. Ta ce, "Ba ki tambaye ni ba. Ni ma ban so ki tambaya ba. Na ga in ta tafi za a rufe ɗakinsa, ke ma ki daina zuwa."

Na riga na ɗauko faɗa har bakin harshe, sai ya narke. Na je Kandi na tambayi mutanen da ban sani ba, na tsuguna gaban maharba da masu tonon gafiya, amma taku goma na tsakar gida ya gagare ni, don na yanke a raina cewa mace mai tsoron maciji, wadda ba ta taɓa zama a bencin lakwal ba, ba ta da abin gaya mini. An ce matambayi ba ya ɓata, ni sai na tsaya zaɓen wanda ya isa in tambaya. Ita kuma ta riƙe nata a ciki, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Muka zauna muna tsinkar zogale har ya ƙare, ba wadda ta kalli 'yar'uwarta.

Da hantsi Mamman ya kai mu a mota, ni da ita da kwando. Rabi ce ta yi jagora, da labarin da ta ji sau ɗaya tak: gona mai giginya uku a jere, bayan tsohon tudun masu gishiri. Giginya biyu muka tarar, ta ukun kututture. Kusa da su akwai suri da tsohon ramin gafiya a gindinsa. Na ajiye ta a bakin ramin, ta dunƙule ta ɓoye kai, ta daɗe a haka. Iska na kaɗa ganyen giginya, can nesa hayaƙin masu dafa gishiri na tashi miƙe. Rabi ta matso, ta miƙa yatsa ɗaya ta taɓa bayanta, karo na farko a rayuwarta, ta ce ashe ba santsi gare ta ba. Can mesar ta warware, ta fito da harshe ta lashi iska, ta sa kai cikin ramin a hankali. Tabon wutsiya ne ƙarshen abin da muka gani. Muka yi wa Illa addu'a a tsaye, muka dawo gefen zannuwanmu fari fat da laka.

To me ya rage na yayana? Kamiyon ya daɗe da zama tarkace. Littafinsa ni na share shi da hannuna. Randunan Rabi ta ce za ta wanke ta zuba ruwan sha, kuma makon jiya Mamman ya rushe ɗakin, an fara ɗora bulo. Abin da ya rage yana inda idona ba ya kai, cikin ramuka da suri, daga fadamar gishiri har dajin kwakwa, jikoki da tattaɓa-kunnen baƙinsa, kowa a inda ya dace da shi, ba wanda ya san an taɓa yin wani direba mai suna Illa. Na san hakan ya fi masa daɗi, bai taɓa neman a san shi ba. Ina kewarsa ƙwarai, kuma sai yanzu da na sauke kayan nake jin kewar ita kaɗai, ba ta gauraye da kunya ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Sambo da ya rufa mini asiri.

Washegarin rushe ɗakin na farka ba ɓeran da zan nema, ba randar da zan yayyafa wa ruwa. Na zauna a bakin gado na daɗe, sannan na ɗaura zane na kama hanyar gidan. Tun daga kwana na hango Rabi tsaye a ƙofar zaure tana kallon titi. Da ta gan ni sai ta juya da sauri, ta yi kamar kaji ta fito kora.